Kyanwar Madam da Shanun Arɗo Jibo

Cikin dukan ranakun da na yi ina aikin dabbobi, akwai guda ɗaya da ta ƙi fita daga raina. Ita ce ranar da aka sauke ni daga motar ofis, ina rungume da akwatin allurar shanu, aka ce in je in duba kyanwar da ta daina kashi a inda aka tanadar mata. Na ga wasunku sun fara murmushi. Ku yi abinku, ni ma da wani ne ya ba ni labarin da na yi dariya. Amma ku saurara har ƙarshe, musamman ku da kuka shigo aikin kwanan nan.

Shekaru kaɗan ne bayan samun 'yancin kai, lokacin ƙasar nan tana amsa sunan Dahomey. Sunana Alasan, haifaffen Djougou. Gidanmu fataken goro ne tun kaka da kakanni. Ni kaɗai aka kai lakwal, wato makarantar boko, cikin 'ya'yan mahaifina, daga nan na faɗa aikin dabbobi, aka ajiye ni a Parakou. Ina haya a Kpébié, ni da matata da 'yarmu ta fari. Muƙamina infirmiye. Ga wanda bai san tsarin wancan lokaci ba, a sama akwai Dokta, likitan dabbobi da ya yi karatu a ƙasar waje, shi ne shef ɗinmu. A ƙarƙashinsa akwai mataimaka masu zaman ofis. Sai mu infirmiye, mu ne masu shiga daji, mu yi allura, mu farke mushe mu ga abin da ya kashe shi, mu kwana a ruga. A ƙarƙashinmu sai masu kamun shanu da direba. Mota ɗaya gare mu, tsohuwa, wadda Turawa suka bari. Direbanta Mumuni.

Fita daji a zamanin ba kamar yanzu ba ce, da mutum zai hau babur ya wuce. Allurar rigakafi tana zaune ne a firigo, wato firiji, mai aiki da kananzir. In za ta fita, dole ta tafi cikin akwati da ƙanƙara, domin in ta ji zafi ta mutu, sai ka yi ta soka wa shanu ruwa kawai. Ƙanƙarar kuwa ba a nan ake yin ta ba. Jirgin ƙasa ke kawo ta daga Cotonou, lulluɓe da buhu da garin katako, mu je Gare, wato tashar jirgin, mu karɓa, kuma ba kowane jirgi ke zuwa da ita ba. Sannan ga man mota. Dokta yana sa hannu a takardar tafiya, amma takardar mai ba ta fita sai wani babban jami'i na garin ya sa mata nasa hannun. Ba zan faɗi sunansa ko muƙaminsa ba. Bari mu ce da shi Maigida, yadda ma'aikatan gidansa suke kiransa.

A tsakiyar bazarar wannan shekara na je Djougou duba mahaifiyata da ba ta jin daɗi. Ina can aka aiko daga wata ruga a gefen Bariénou cewa Arɗo Jibo yana nemana. Arɗo Jibo dattijo ne, shi ke jagorantar Fulanin wajen, kuma tsohon abokin cinikin mahaifina ne, goron gidanmu yake ci tun ina yaro. Ku sani a lokacin Fulani ba sa son ganinmu. A wurinsu duk wanda ya zo da allura ya zo ƙirga shanu ne don jangali. Na daɗe ina lallashin Arɗo kafin ya bar ni in taka cikin garkensa, kuma albarkacin mahaifina ya bar ni, ba albarkacin hular gwamnati ba.

Na ari keke na je. Tun daga nesa na hangi wasu shanu tsaye a inuwa, kai a sunkuye, ba sa tuƙa. Ido yana hawaye, hanci yana majina. Da na buɗe bakin ɗaya sai na ga gyambo a dasashi. Ga zawo mai wari ko'ina. Bushiya ce, cutar da ku ba ku sani ba sai a littafi, Allah kada ya nuna muku ita. In ta kama saniya ba ta da magani. Abin da ake yi kawai shi ne a yi wa masu lafiya rigakafi da wuri, kafin ta iso gare su.

Arɗo ya ce mini, "Ɗan Alhaji, mun san ta. Iyayenmu in sun gan ta, barin marasa lafiya suke yi, su kora masu lafiya su yi nisa. Samari har sun fara ɗaure kaya. Kai nake jira in ji ta bakinka."

Na ce, "Baba, kada ku tashi. In kun tashi za ku kai ta wasu rugage, kuma cikin waɗanda kuke gani lafiya lau akwai masu ita a jiki. Ku ware marasa lafiya, ku raba musu wurin shan ruwa, ku tsaya. Allura tana Parakou, da idona na gan ta. Kafin Juma'a ina nan da ita."

Sannan ya ce, "Mashaya ɗaya ta rage mana a wannan zafin, ka sani. Amma tunda ka ce Juma'a, za mu tsaya."

Abin da na gaya masa shi aka koya mana, kuma daidai ne. Ko gobe aka tambaye ni, haka zan ce.

A ranar na hau kamiyo, babbar motar masu goro, na koma Parakou. Dokta ya saurare ni, ya yarda da abin da na gani, bai yi wata-wata ba ya sa hannu. Muka yi sa'a jirgi ya zo da ƙanƙara, takardar mai ma ta fito. Da safe muka shirya, ni da Mumuni da masu kamu. Har Mumuni ya tayar da mota, sai ga Dokta ya fito da sauri yana ɗaga hannu.

Ya ce da ni, da Faransanci, "Alasan, sauko. Za ka fara biyawa gidan Maigida. Kyanwar Madam ba ta da lafiya."

Na ce, "Shef, ƙanƙara tana narkewa, shanu suna jira."

Ya ce, "Na sani. Aikin hantsi ne kawai. Ka duba ta, ka ba ta wani abu, da azahar ku kama hanya."

Na ce, "Ba a koya mini kyanwa ba, Shef. Kai ne likita."

Sai ya matso ya sassauta murya. Ya ce shi ya riga ya je, ya ba ta ƙwaya, ba ta yi amfani ba, har ta ƙara da yin fitsari a kan rigar da Maigida zai sa ya tarbi baƙi. Ya ce, "Mutumin nan shi ke sa hannu a man da muke ƙonawa duk shekara. In ya ce ofishinmu ya kasa kyanwa ɗaya, da wane baki zan je in roƙe shi mai don shanu? Kai a gidan da ake ajiye kyanwa a ɗakin goro ka tashi. Je ka. Kuma kada ka kai musu maganar ofis, kyanwa aka kira ka ka duba."

Dokta ba mugu ba ne. Tsoro yake ji, kuma tsoronsa yana da dalili. Na mayar da allura firigo, na ƙara wa ƙanƙara buhuna, na tafi.

Maigida a Faransa ya yi karatu, can ya auro Madam, ta biyo shi da akwatunanta da wannan kyanwa. Fara ce sol, mai dogon gashi. Madam ba ta jin ko ɗaya daga harsunan garin nan, ba ta da ɗa, ba ta da ƙawa, mijinta kuma kullum yana wurin aiki ko rangadi. Kyanwar ce abokiyar hirarta. Na tarar da ita idonta jajir don kuka, ta ce mijinta ya rantse in ba a gyara ba zai sa a kai ta daji a yar.

Mu dai kyanwarmu fita take yi bayan gida, ta tona ƙasa, ta yi abinta ta binne, ba wanda ya san inda take yi. Wannan kuwa ba a barinta ta taka tsakar gida, don tsoron karnuka da cuta. Saboda haka aka yi mata akwati mai faɗi maras zurfi, aka zuba yashi. A ciki take kashi da fitsari, a kwashe a sake wani. Madam ta ce tun tana 'yar ƙarama ba ta taɓa kuskure ba, har cikin jirgin ruwan da ya kawo su. A Parakou ma ta yi watanni tana yi daidai. Kwanan nan ne ta ƙi akwatin. Ta yi a kan kafet, ta yi a bayan kujera, ta yi cikin takalmin Maigida, yanzu ga riga.

Na fara da abin da na sani. Na kama ta na latsa mararta in ji ko fitsari ya taru ya yi tauri, domin dabbar da fitsari ke yi wa zafi takan guji wurin da ta ji zafin. Na duba inda ta ɓata da safe ko akwai jini. Na duba dasashi, na ji zafin jiki, na tambayi cinta da shanta. Lafiyarta ƙalau, har ta fi ni ƙiba. Na ce da Madam ba ciwo ba ne, a nuna mini akwatin.

Wanda ya kai ni shi ne tsohon kukun gidan, Baba Salifu, mutumin unguwar Gare. Ya dafa wa Turawa abinci tun kafin a haife ni, da tsufansa kuma aka ɗora masa kwasar kashin kyanwa. Ya zaga da ni can bayan kicin, wani lungu jikin ɗakin injin da ke ba gidan wuta da ruwa. Kafin in ga akwatin warin girezil ya bugi hancina, baƙin maganin nan da ake wanke masai da shi. A cikin akwatin kuma ba yashi ba ne, jar tsakuwa ce irin ta gyaran hanya. Muna tsaye injin ya tashi, ƙasa ta ɗauki rawa, ni kaina sai da na zabura.

Na ce, "Baba, tun farko a nan yake?"

Ya waiwaya ya ga ba kowa. Ya ce, "Da a baranda yake, gefen ɗakin Madam. Maigida ya ce wari yana damun baƙinsa, a kawo shi nan, a riƙa wanke shi da girezil safe da yamma. Yashi ya ƙare, na faɗa, ya ce in ɗebo a tarin da ke ƙofar gida. Madam ba ta san shi ya ce ba. Ta ɗauka ni na ga nan ya fi mini sauƙin kwasa." Ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, in za ka faɗa, ka faɗi abin da za a gyara. Kada ka faɗi wanda ya ce."

Haka na yi. Na gaya wa Madam kyanwa tana son wuri shiru, inda ba abin da zai firgita ta tana tsugune. Hancinta ya fi namu, warin da muke kira tsafta ita azaba ne gare ta. Na ce a yar da wannan akwatin tunda ya riga ya sha magani, a sami sabo a ajiye inda na da yake, a riƙa wanke shi da ruwan zafi da sabulu kawai. Duk inda ta ɓata a cikin gida a wanke shi sosai, don in wari ya rage zai sake jawo ta. Kada a doke ta, kada a goga mata hanci a ciki, wannan tsoro kawai yake ƙara mata. Na ƙara da cewa ƙafarta ba ta son tsakuwa, a samo mata yashin rafi mai laushi da za ta tona ta binne.

Maganar yashin nan ita ta cuce mu. Madam ta tambaya ina ake samun irinsa. Baba Salifu ya ce sai bakin kogin Okpara, can gabas da gari. Maigida ya fita rangadi da motarsa a safiyar, kuma ko tana nan ba motar ɗaukar yashi ba ce. Madam ta ɗaga tarho. Kafin azahar sai ga Mumuni ya shigo da motarmu, an sauke kayan tafiyarmu, an ɗora shebur da buhuna. Ya dube ni ta taga, ya ɗaga kafaɗa, ya wuce.

Da ƙafa na koma ofis. Na ce, "Shef, man Bariénou ne a cikin tankin nan."

Ya ce, "Za a sake ba mu. In Maigida ya dawo zai sa hannu, da murna ma."

Na ce to a bar ni in ɗauki allura in hau kamiyo. Ya ce doka ba ta yarda allurar gwamnati ta fita a motar haya ba, kuma daga Djougou zuwa ruga wa zai ɗauki akwatin ƙanƙara a wannan ranar ya kai da sauran sanyi? Ya ce ban da haka Madam ta nemi in zauna a gidan har ta ga kyanwar ta shiga akwati da idonta, shi kuma ya amsa mata. Na buɗe baki zan ƙara magana, ya ce, "Umarni ne, Alasan. Gobe ko jibi za ku tafi."

Na je Gare na sami direban kamiyo ɗan unguwarmu ta Djougou, na ba shi saƙo zuwa gidanmu, a tura wani ruga a gaya wa Arɗo ina tafe, su ƙara haƙuri kaɗan. Ba ƙarya na aika ba. Abin da aka gaya mini na aika.

Da la'asar labari ya zo. An cika tsohuwar mota da jiƙaƙƙen yashi, a hanyar dawowa ta faɗa rami, ƙarfen ƙafar baya ya karye. A ka aka ƙaraso da buhunan yashin, motar kuma aka ja ta zuwa gareji. Ƙarfen babu irinsa a Parakou, sai maƙera sun ƙera. Ƙanƙara kuwa ba ta san da wannan ba. Duk safiya in na biya ofis na ɗaga buhu sai in ga ta ragu, har ranar da na tarar da jiƙaƙƙen garin katako kawai. Jirgin da ya biyo baya bai zo da wata ba.

Ni kuma ina gidan Maigida. Kyanwa ba a yi mata gaggawa. Da aka kawo sabon akwati, ta shinshina shi ta wuce, ta je bayan kujera ta yi abinta. Na sa aka rufe ta a wani ƙaramin ɗaki ita da akwatin, abincinta da ruwanta a ɗaya kusurwar nesa da shi, domin ba ta son ci kusa da inda take kashi. Na ɗebi ɗan kashinta na binne a yashin don ta gane wurin. Daga nan sai zama. Ina kan benci a baranda, cikin kakin gwamnati, ina leƙen kyanwa ta taga in ga ko za ta tsuguna. In na rufe ido, shanun Arɗo nake gani, masu lafiya da marasa lafiya, sun jeru a mashaya ɗaya. Juma'a ta zo. Na je na yi salla a nan Parakou, na dawo na zauna a benci.

Baba Salifu ne ke kawo mini abinci. A ranar ya ajiye kwano, ya ga ban taɓa ba, ya zauna a ƙasa kusa da ni. Na gaya masa abin da ke damuna. Ya ce, "Ci abinci, ɗana. Na yi wa wani Bature aiki, karensa ya mutu, ya sa aka yi masa kabari da siminti, a shekarar da rufin ɗakinmu na boyi-boyi yake yoyo. Na ce ai baƙi ne, ba su san mu ba. Na ɗauka in namu suka hau mulki za a bambanta."

Bayan Juma'a ne kyanwar ta shiga akwatin. Ta taka yashin, ta tona, ta juya, ta tsuguna, ta binne, ta fito tana kaɗe ƙafa kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Madam ta rufe baki da hannu tana hawaye. Ta ba ni hannu, ta yi mini godiya har cikin zuciyarta. Sai ta lura da fuskata, ta tambaye ni abin da ya same ni. Aikin da aka kira ni ya ƙare, sai na gaya mata. Na ce akwai shanu suna mutuwa a Bariénou, ni suke jira, motar da ta ɗebo yashin ita za ta kai musu allura.

Ta ce, "Ba wanda ya gaya mini." Na yarda da ita. Ita ce ta tsaya a kan mijinta da ya dawo, a take ya sa hannu a takardar mai, har ya aika gareji a yi sauri. Abin da Dokta ya yi ta tsoron roƙa, magana ɗaya ta mace a kan teburin abinci ta fitar da shi.

Amma da ta gaya wa mijin abin da ya hana kyanwar shiga akwati, wato girezil da tsakuwa da ƙarar inji, sai ya sa aka kira Baba Salifu. A gabana, a gaban mai wanki da mai gadi, ya ce tsufa ya ɓata masa hankali, ya kusa kashe dabbar mutane da ƙazanta da son jiki, ya tattara nasa ya tafi. Baba Salifu ya dube shi ido cikin ido. Na ɗauka zai faɗi wanda ya ba da umarnin. Sai ya kwance farin ƙyallen da ke ɗaure a ƙugunsa, ya naɗe shi, ya ajiye a kan tebur, ya ce, "To, Maigida. Allah ya bar zumunci." Daga baya nakan gan shi a Gare yana sayar da shayi. Bai taɓa yarda na biya ba, kuma bai taɓa tayar da maganar ba.

Sai da wani jirgi ya kawo ƙanƙara muka tashi. Wata Juma'ar har ta sake zagayowa ta wuce. Tun kafin mu kai ruga wari ya tarbe mu, sai ungulu a kan itatuwa. Mushe a kwance ko'ina, tun ana jan su nesa har an gaji an bari. Mata suna zaune a ƙofar bukkoki, ƙoren nono a kife. Ba wanda ya taso ya yi mana maraba. Shanun da suka rage a tsaye ba su kai waɗanda suka faɗi ba.

Arɗo yana zaune a gindin wata ɗorawa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yadda ake amsawa, ya tambayi jikin mahaifiyata. Sannan ya ce, "Saƙonka ya zo. Samari sun so su tashi a ranar, na hana su, na ce ɗan Alhaji ya ce yana tafe. Me ya tsare ka?"

A hanya na shirya abin da zan ce, cewa mota ce ta lalace, kuma gaskiya ne ta lalace. Amma da na dube shi sai na ga mutumin da ya biya wannan farashi ya cancanci jin dalilin yadda yake. Na gaya masa duka, da akwatin, da yashin, da bencin. Ya saurara bai katse ni ba. Bai san ana yi wa kyanwa masai a cikin ɗaki ba, sai da na maimaita masa.

Ya ce, "To yanzu ta warke?"

Na ce, "Ta warke, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Madalla. Gara da ba a yi asarar duka ba."

Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na ce ya bar mu mu yi wa sauran shanun allura. Ya ce, "Yi musu. Kada ka koma da kayanka a rubuta cewa Arɗo ya ƙi." Muka yi wa waɗanda suka rage, wasu sun tsira, wasu cutar ta riga ta shiga jikinsu. A nan na ji cewa wani ɗan ƙanensa ya ƙi jin magana tun farko, ya kora nasa ya yi nisa, kuma nasa sun fi tsira. Ko ya kai wa wasu bayin Allah cutar a can, Allah ne ya sani. Amma abin da mutanen rugar suka gani da idonsu shi ne, wanda ya saurari ma'aikacin gwamnati ya tsiyace, wanda ya ƙi ya tsira da dukiyarsa.

A rahoton da ya tafi sama an rubuta cewa lalacewar mota ce ta jawo jinkiri. Ba wanda ya tambayi abin da motar ta je yi. A ƙarshen shekarar aka yi mini ƙarin girma, Maigida ne da kansa ya yi magana a kaina, ya ce yaro ne mai hazaƙa. Daga nan gidajen manya suka san ni. Wannan karensa ya ƙi cin abinci, wancan akunsa yana fige gashi, sai a aiko mota ta ɗauke ni. Abokan aiki suka sa mini Likitan Kyanwa. Arɗo Jibo kuwa bai sake aikowa sayen goro gidanmu ba har ya rasu. Shekaru da yawa bayan haka, in motarmu ta doshi rugagen wajen Bariénou, sai mu tarar da tsofaffi da yara kawai, an kora shanu daji. Ma'aikatan da suka zo bayana suka riƙa cewa Fulanin wajen jahilai ne, ba sa son ci gaba. Ni in ana wannan hira sai in tashi in ba su wuri.

Ban taɓa jin haushin kyanwar ba. An kai mata masai inda ba za ta iya ba, ta nuna ƙin yardarta ta hanyar da ta iya, aka kuwa saurare ta. In aka kawo muku irinta yau, ku duba lafiyarta tukuna, sannan ku duba wurin, da wari, da yashi, ku tambayi mai kwasa abin da ya canja, za ku samu. Wannan ɓangaren aikin mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne ku gane cewa a aikinmu ba dabbar da ta fi jin jiki ake fara dubawa ba, sai wadda mai ita yake da tarho a ɗaki. Manyanku za su ji tsoro, kuma sau da yawa abin da suke tsoro bai kai yadda suke zato ba, amma ku ne za ku tsaya a gaban makiyayi, ba su ba. Makiyayi ba ofis yake bai wa amanarsa ba, fuskarka yake bai wa, da sunan ubanka.

Shi ya sa har na yi ritaya ban sake yanka wa makiyayi rana ba, sai in man yana cikin tanki kuma ni ina cikin motar. In ya tambaye ni yaushe zan dawo, sai in gaya masa abin da na sani game da cutar, in gaya masa abin da ya fi, sannan in ce, "Amma kada ka jira ni. In ka gan ni, na zo."